Bikin Karnibal a Turai: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar watan Fabrairu ya kama, kafafen labarai sukan fara kawo hotunan Turawa cikin shigar ban dariya, wasu da hular gashin jimina, wasu da fuskokin katako masu ban tsoro, wasu kuma a bisa manyan motoci suna watsa wa jama'a alewa. Wannan shi ne karnibal, wanda wasu gidajen rediyonmu kan kira kalankuwa. An tattara a nan tambayoyin da ɗalibai da matafiya da waɗanda karatu ko neman abinci ya zaunar a Turai suka fi maimaitawa a kansa.

Mene ne karnibal, kuma me ya haɗa shi da azumi?

Karnibal shi ne kwanakin ci da sha da raha da Kiristocin Turai, musamman mabiya ɗariƙar Katolika, suke yi daf da shiga azuminsu na kwana 40 wanda ke ƙarewa da bikin Ista. Azumin nan ba irin na Ramadan ba ne; abin da ya fi fitowa fili a cikinsa a zamanin da shi ne ƙaurace wa nama da kitse da ƙwai da man shanu na tsawon makonni shida. Tun da babu firji a wancan lokaci, duk abin da ya rage na waɗannan kaya a madafa dole a cinye shi kafin azumi ya shigo. Shi ya sa har gobe abincin bikin ba ya rabuwa da tuya: mutanen Ingila suna toya fanke ranar Talata, Rashawa suna shafe mako guda suna cin faffaɗar waina da man shanu a bikinsu na Maslenitsa, Faransawa kuwa sun raɗa wa ranar ƙarshe Mardi Gras, wato Talatar kitse.

Washegarin wannan Talata ita ce Larabar Toka, ranar da limamin coci ke shafa wa masu ibada toka a goshi domin tunatar da su mutuwa. Duk wanda bai riƙe wannan iyaka ba zai ɗauka hauka ake yi kawai, alhali an sakar wa mutane mara ne saboda kowa ya san sa'ar da za a tsaya. Garuruwa da dama ma sai sun yi wa bikin jana'iza: a birnin Kolon na Jamus ana ƙona wani mutum-mutumin ciyawa mai suna Nubbel bayan an ɗora masa laifukan da aka aikata a makon, a Sifen kuma ana binne ko ƙona siffar kifi ana koke-koken ƙarya.

Me ya sa ranakunsa suke canzawa duk shekara?

Saboda yana bin Ista, ita kuwa Ista tana bin wata. Ana yin ta ne a Lahadin farko bayan cikar watan da ya zo ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Larabar Toka tana gabanta da kwana 46, domin ba a lissafa ranakun Lahadi cikin kwanakin azumi, abin da ke sa ta zo tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris. Ƙasashen ɗariƙar Otodoks, kamar Girka da Rasha, suna da lissafinsu daban, shi ya sa nasu kan saɓa da na yammacin Turai. A yankin kogin Rhine na Jamus ana buɗe kakar bikin tun ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 da minti 11 na safe, amma shagalin titi sai makon ƙarshe.

Gaskiya ne cewa asalinsa maguzanci ne?

Ana yawan faɗin haka, kuma akwai abin da ke sa a faɗa. Rumawan da suna da bikin Saturnalia a watan Disamba, inda iyayen gida kan yi wa bayinsu hidima a wurin cin abinci. A ƙauyukan tsaunuka kuma har yanzu samari suna shiga fatun tumaki, su ɗaura manyan ƙararrawa a ƙugu, su bi gida gida wai suna korar hunturu: Kurenti a Ptuj ta Sloveniya, Kukeri a Bulgeriya, Mamuthones a tsibirin Sardiniya. Wanda ya gan su ba zai yi musun cewa abin ya yi kama da tsohuwar al'adar manoma ba.

Sai dai masana tarihi na yanzu suna taka-tsantsan da wannan magana, domin babu wata silsila marar yankewa a rubuce da ta haɗa bukukuwan Rumawa da karnibal, kuma shaidun farko da ake da su daga tsakiyar zamani suke, lokacin da coci ya riga ya kafa dokar azumi. Yawancin labaran asali da garuruwa ke bayarwa an ƙawata su ne daga baya. Mutanen Mohács a Hangari, alal misali, suna da ruwaya biyu kan dodanninsu na Busó: ɗaya ta ce da su aka tsorata sojojin Daular Usmaniyya, ɗaya ta ce sanyi ake kora. 'Yan Nazi ma sun yi ta tallata cewa bikin gadon tsoffin ƙabilun Jamus ne, domin su raba shi da coci, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya riƙa tambayar wanda ke amfana da kowane labarin asali.

Me ya sa ake rufe fuska?

Domin a ajiye matsayi na ɗan lokaci. Ba inda wannan ya fi bayyana kamar Venice ta Italiya, wadda majalisarta ta mayar da jajibirin azumi ranar hutu a 1296, kuma masu sana'ar yin fuskokin aro suka samu ƙa'idar ƙungiyarsu a rubuce a 1436. Shigar da ta fi shahara ita ce bauta: farar fuska mai tsinin haɓa, da baƙar alkyabba, da hula mai kusurwa uku. An yi haɓar a buɗe ta ƙasa ne da gangan, yadda mutum zai ci ya sha ba tare da ya cire ta ba, kuma muryarsa takan sauya a cikinta. Basarake da baransa, mai bin bashi da wanda ake bi, duk sai su zauna teburi guda a gidan cacan Ridotto, wanda ya yi aiki daga 1638 zuwa 1774, ba wanda ya san ɗan'uwansa.

Ta mata kuwa, moretta, labarinta daban ne. Baƙar fuska ce ta karammiski wadda ba ta da igiya. Wani maɓalli ne a cikinta mace take cijewa da haƙora, saboda haka muddin tana sanye da ita ba za ta iya furta ko kalma ba. Mazan lokacin sun ce hakan na ƙara mata kwarjini, amma bai kamata a wuce ba tare da an lura cewa a bikin da ake cewa na 'yanci ne aka ƙera abin da ke rufe bakin mace. Fuska mai dogon baki kamar na tsuntsu, wadda 'yan yawon buɗe ido suka fi saye, daga likitocin annoba na ƙarni na 17 aka aro ta, waɗanda kan cusa ganyayen ƙamshi a bakin saboda sun ɗauka wari ne ke yaɗa cuta. Bikin Venice ya mutu bayan da Napoleon ya rusa jamhuriyar birnin a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi, kuma na yanzu ya fi zama na baƙi da masu ɗaukar hoto.

Yaya makon bikin yake a Kolon?

Ana farawa ranar Alhamis, ranar mata, inda suke karɓe gari, kuma duk namijin da ya fito da naktai za a datse masa shi da almakashi, ko da kuwa shi ne shugaban ofis. Sarautar makon tana hannun mutum uku: Yarima, da Manomi, da Budurwa, wadda bisa al'ada namiji ne ke shigarta. Ranar Litinin ake babban jerin gwano, wanda aka fara shi a tsarinsa na yanzu a 1823, lokacin da manyan gari suka kafa kwamitin shirya biki bayan birnin ya koma ƙarƙashin masarautar Prussia. Ana watsa alewa da furanni daga kan motoci, yara riƙe da jakunkuna suna ta kiran a jefo, jama'a na amsa kirarin "Kölle Alaaf". Wanda ya yi kuskuren cewa "Helau", kirarin maƙwabtansu na Düsseldorf da Mainz, zai sha harara.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne aikin da ke bayan wannan hayaniya. Ƙungiyoyi ne masu rajista, da shugabanni da ma'aji da kuɗin shekara, suke shafe watanni suna taro da ɗinki da atisaye. Ɗaya daga cikinsu, Rote Funken, tana shigar tsoffin sojojin birnin ne tana kwaikwayon faretin soja a karkace, furanni a bakin bindigar katako.

Duk ƙasashen Turai iri ɗaya suke yi?

A'a. Inda ɗariƙar Furotesta ta yi ƙarfi tun ƙarni na 16, kamar arewacin Jamus da Ingila da arewacin Holan, an sassauta azumin, sai bikin ya dusashe tare da shi. Basel ta Suwizalan ce ta fita zakka: birnin Furotesta ne, amma yana nasa a Litinin ɗin da ke bin Larabar Toka. Da ƙarfe 4 na asuba ake kashe fitilun tsakiyar gari gaba ɗaya, sai ƙungiyoyi su taso da sarewa da ganguna da manyan fitilu masu zanen shaguɓe, a ci gaba har sa'o'i 72 cif.

A Binche ta Beljiyam, maza da ake kira Gilles suna cusa ciyawa cikin rigunansu har su yi ƙusumbi, su sa takalman katako da fuskar kakin zuma, da rana kuma su ɗora hular gashin jimina suna jefa wa jama'a lemo a matsayin fatan alheri, wanda mayar da shi cin fuska ne. A Ivrea ta Italiya lemon ba kyauta ba ne, makami ne: ƙungiyoyi 9 a ƙasa suna jifar masu sulke a kan keken doki, don tunawa da tatsuniyar 'yar mai niƙa da ta kashe azzalumin sarki. Dunkerque ta Faransa ta gaji nata daga walimar bankwana ta masunta masu tafiya tekun Iceland, shi ya sa magajin gari ke jefo kyafaffen kifi daga benen ofishinsa.

Da gaske ana zagin shugabanni, kuma hukuma ta zuba ido?

Ana yi, kuma ba a ɓoye ba. Motocin Düsseldorf suna ɗauke da siffofin shugabannin duniya a cikin yanayin da ba jaridar da za ta zana, kuma ba a bayyana su sai safiyar fita don kada a hana. A Cádiz ta Sifen ƙungiyoyin mawaƙa suna gasar habaici a gidan wasan Falla, suna bin abin da ya faru a shekara ɗaya bayan ɗaya.

Zuba idon hukuma kuwa ba kullum ba ne. A 1539 majalisar birnin Nuremberg na Jamus ta soke jerin gwanon Schembart bayan an yi wa babban mai wa'azin garin, Andreas Osiander, siffa a cikin wata motar biki mai kama da jirgin ruwa cike da wawaye. Janar Franco, mai mulkin kama-karya, ya haramta karnibal a Sifen a 1937, sai mutanen Cádiz da Tenerife suka sake masa suna suka ci gaba. A Kolon, mai barkwanci Karl Küpper kan ɗaga hannu kamar mai gaisuwar Nazi, sannan ya tambaya ko ruwa ake yi. An hana shi magana a dandamali a 1939. A garin Romans na Faransa kuwa wasa ya koma zubar da jini a 1580, inda manyan gari suka fake da shigar biki suka kashe Paumier, jagoran masu sana'a da ke ƙorafin haraji.

Masana sun rabu biyu a kan ma'anar wannan. Mikhail Bakhtin, wanda littafinsa a kan marubucin Faransa Rabelais ya fito a 1965, yana ganin dandalin biki wata rayuwa ce ta biyu ta talakawa, inda dariya ke sauke mai mulki daga karagarsa. Wasu suka ce dabara ce ta masu mulkin kansu, a bar talaka ya huce na kwana uku don ya yi biyayya sauran shekara. Tarihi ya gaskata kowane ɓangare a wani wuri, amma da abin ba ya cizo da ba a riƙa haramta shi ba.

Wane zane ne ya fi nuna bikin?

Zanen Pieter Bruegel Babba na 1559, na faɗa tsakanin Karnibal da Azumi, wanda ke gidan adana kayan fasaha na Vienna. Dandalin kasuwa ne aka hango daga sama, gidan giya a hagu, coci a dama. A gaba ga wani ƙaton mai tumbi ya hau gangar giya kamar doki, mashinsa tsinken gashi ne da kan alade a soke. Mai fuskantarsa wata ramammiya ce a kan kujera, wani ɗan zuhudu da wata 'yar zuhudu suna jan ta, amyar zuma a kanta, makaminta kuma farantin mai gasa burodi da kifi biyu a kai. Bayansu cike yake da mutane: masu caca, masu toya waina, mata masu sayar da kifi, makafi da guragu suna bara, masu hali suna fitowa daga coci suna ba da sadaka. Bruegel bai nuna wanda ya yi nasara ba, kuma in aka duba da kyau nakasassun da ke ɓangaren shagali ba wanda ya kula su.

Goya, mai zane ɗan Sifen, ya zana jana'izar kifi ta Madrid a farkon ƙarni na 19, da taron da murnarsa ke da ɗan ban tsoro. James Ensor na Ostend ta Beljiyam, wanda danginsa ke da kantin sayar da fuskokin biki, ya mayar da su hanyar nuna munafuncin jama'a a babban zanensa na 1888.

Kiɗa da wasan kwaikwayo fa?

Wasan barkwancin Italiya, mai 'yan wasa irin su Arlecchino da Pantalone da Pulcinella, tare da karnibal ya girma, haka ma gajerun wasannin da Hans Sachs, mai ɗinkin takalma na Nuremberg, ya rubuta a ƙarni na 16. A Venice, inda aka buɗe gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, na farko da ake shiga da tikiti a 1637, kakar karnibal ita ce kakar sababbin wasanni. Schumann da Berlioz da Dvořák duk sun tsara kiɗa da sunan bikin.

Ta yaya ake koya wa yara wannan al'ada?

Ba a barin ta ga sa'a. A Kolon ranar Lahadi ta makarantu ce da unguwanni, inda ɗalibai ke fitowa da kayan da suka shafe watanni suna haɗawa a aji, kuma ta waƙoƙin bikin ne da yawansu ke koyon karin harshen birnin, wanda ba su cika ji a gida ba. Ƙungiyoyin Basel da aka ambata a amsar bambancin ƙasashe suna da rassan yara masu koyon ganga da sarewa duk shekara. A Binche ɗaliban makarantun garin suna da rukunoninsu, kayan Gilles kuma ba a saye, haya ake ɗauka daga wasu 'yan gidaje da suka gaji sana'ar. Garin yana da gidan tarihin karnibal da fuskoki tun 1975. Viareggio ta Italiya, mai jerin gwano tun 1873, ta gina wa masu ƙera manyan siffofin takarda da gam unguwa guda, inda ake kai ɗalibai su ga aikin.

A cikin aji ma yana da gurbi. Malaman tarihi suna amfani da zanen Bruegel wajen nuna rayuwar talakawan ƙarni na 16, malaman kiɗa kuma suna gabatar da kayan kiɗa ta hanyar Karnibal ɗin Dabbobi na Saint-Saëns na 1886, inda babban goge mai kauri yake giwa. A jami'a, sassan adabi da nazarin al'adu suna ci gaba da muhawarar da aka kawo a amsar zagin shugabanni.

Me ya sa UNESCO ta cire wani karnibal daga jerinta?

Hukumar, wadda ke kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da jerin al'adun gado na duniya; ta amince da na Binche a 2003, na Mohács a 2009, na Basel a 2017. Na Aalst ta Beljiyam ya shiga a 2010, amma aka cire shi a Disamban 2019 bayan wata mota ta fito da siffofin Yahudawa masu ƙugiyar hanci zaune a kan buhunan kuɗi. Wannan ne karo na farko da aka fitar da wata al'ada daga jerin. Mutanen garin sun kafe cewa kowa suke yi wa ba'a.

Matsalar tsohuwa ce. A karnibal ɗin Rum, tun daga 1466, an riƙa tilasta wa Yahudawa tseren ƙafa ana musu ihu, har sai da Fafaroma Clement na 9 ya maye gurbin abin da haraji a 1668. Yau ma ana taƙaddama kan masu shafa baƙi a fuska su fito a matsayin "mutanen Afirka", abin da baƙar fata mazauna Turai suka daɗe suna kuka da shi. Ba'ar da ta hau kan mai iko da wadda ta sauka kan marar gata ba ɗaya ba ne, ko da a rana ɗaya aka yi su.

Yana da alaƙa da tashe ko hawan sallah?

Babu alaƙar tarihi, amma tashe ya fi kusa da shi a ruhi. Daga goma ga Ramadan yara da samari suna shigar tsoho da gemu ko ta mata, su bi gidaje suna hannunka-mai-sanda, Nalako kuma yana farautar gwauraye a Kano. Bambancin shi ne tashe a cikin azumi yake, karnibal kuwa kafinsa. Wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, shi ma juya matsayi ne da izini. Hawan sallah akasin haka yake, domin yana jera kowa a muƙaminsa ne a kai wa sarki jafi. Na Kano ya shiga jerin UNESCO a 2024. Inda karnibal na ainihi ya iso Najeriya shi ne Legas, ta hannun 'yantattun bayi da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19. Na Kalaba, wanda aka fara a 2004, a Disamba ake yinsa kuma bai da haɗi da azumi.

Baƙon da ba ya shan giya zai iya kallo?

Zai iya, in ya zaɓi lokaci. Giya tana yawa da dare da kewayen tashoshin jirgi, musamman ranar Alhamis a Kolon, amma jerin gwanon yara na rana na iyali ne. A tambayi abin da ke cikin tsiran nama kafin a saya, domin galibi na alade ne. A Ivrea mai kallo yana sa jar hula don kada a jefe shi da gangan. A Basel ana sayen bajon biki a maƙala a ƙirji, kuɗin na tallafa wa ƙungiyoyi, ba a son mai kallo ya yi fenti a fuska, kuma ba a kunna hasken kyamara a fitar asuba. A Binche, in lemo ya faɗo hannu, a riƙe.